Wa Ya Ce Lissafi Rowa Ne?

Akwai wata cuta da ta game ɗakunan kwanan ɗalibai a ƙasar nan, wadda likitan makaranta bai san ta ba, masu kemis kuma ba su da maganinta. Mu dai kunyar lissafi muke kiranta. Wanda ta kama, in ka gan shi ran 2 ga wata sai ka rantse ɗan wani attajiri ne: ga shi nan a bencin mai shayi ya harɗe ƙafa, yana cewa a soya masa ƙwai uku, a haɗa masa mai kauri, a kuma ba abokansa abin da suke so. Je ka dawo ran 15 ga watan, sai ka tarar da shi kwance da tsakar rana ya juya wa ƙofa baya, wai barci yake yi, alhali kuwa yunwa ce ta kwantar da shi, kunnensa yana ga takun wanda zai tara ya ranta masa ɗari biyar. In ka tambaye shi ina kuɗinsa suka tafi, sai ya buɗe hannu ya ce, "Wallahi ni ma ban sani ba." Gaskiya kuwa ya faɗa. Abin da ya fi ba mu haushi shi ne da alfahari yake faɗin haka, sai ka ce rashin sanin nan wani digiri ne da aka ba shi.

Ba daga nesa muke hangen wannan cuta ba. Mu huɗu ne a ɗakinmu, kuma dukkanmu mun yi jinyarta shekara guda cur. Dalilin da ya sa muka ɗauki alƙalami kuwa shi ne, tun da muka sami sauƙi muka zama abin ba'a a wurin waɗanda har yanzu ke kwance. Sun ga muna da wani littafin rubutu inda muke shigar da kowace naira da ta fita, sun kuma ga mun bar sayen shayi mai zare mun koma ga ganyen awo da buta da rariya, sai suka raɗa wa ɗakinmu suna Baitulmali. Wani ma ya tare mu a bainar jama'a ya ce wai ɗan jami'a da auna ganyen shayi da cokali ai ƙauyanci ne, kuma rowa ce. To, ga amsarmu, kuma ba shi kaɗai muke ba wa ba.

Bari mu fara da abin da ba mai gardama a kansa. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, a watan da ya biyo baya kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da bakinta ta ce zuwa Disambar 2024 farashin kaya ya tashi da kashi 34.8 cikin ɗari a shekara guda. A shekarar 2024 ɗin dai asusun nan na NELFUND ya fara ba ɗalibai rance, aka yanka wa ɗalibi naira 20,000 a wata domin ci da sha da sauran bukatu. Ɗauki alƙalami ka raba 20,000 gida 30. Naira 666 ke nan a yini, da 'yan kwabban da ba su sayen kome. A cikinta za a karya kumallo, a ci na rana da na dare, a sayi sabulu, a buga takardun darasi, a kira gida. Kuma kada a manta, bashi ne. Shekara 2 bayan gama hidimar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin ɗari daga albashin wanda ya karɓa. Watau duk kofin shayin da aka sha yau da wannan kuɗi, wani ma'aikaci ne zai biya shi nan gaba, ma'aikacin nan kuwa mu ne. Mutumin da ke rayuwa a kan naira 666 ta bashi, sa'an nan ya ce ya fi ƙarfin lissafi, ai sai a yi masa addu'a.

Littafin namu ba da wata hikima muka fara shi ba, wuya ce ta sa. A zangon karatu na biyu bashi ya yi mana katutu, har mai shayin bakin ƙofa, mutumin kirki wanda bai taɓa ɗaga mana murya ba, ya fara kau da kai in mun tunkaro. Ɗayanmu mai karatun akanta ya ce abin dariya ne a ce yana koyon tsare littattafan manyan kamfanoni alhali bai san inda aljihunsa ke yoyo ba. Sai muka yi alkawarin wata guda: duk wanda ya kashe ko naira 10 ce, ya rubuta kafin ya kwanta. Mun ɗauka shinkafa da wake da manja ne za su fito su ne ɓarayin. Ashe ba su ba ne. Abincin da muke dafawa da hannunmu bai kai rabin abin da muke kashewa ba. Sauran duk 'yan ƙanana ne waɗanda ba wanda ke ɗaukarsu kashe kuɗi: ladan mai POS duk lokacin da muka ciri dubu biyu maimakon mu ciri na mako gaba ɗaya, data ta yini ɗai-ɗai wadda in an tara ta fi ta wata tsada, hawan adaidaita sahu zuwa inda ƙafa za ta kai cikin minti goma, ruwan leda, sa'an nan sarkinsu duka, shayi. Safe shayi, dare shayi, lokacin jarrabawa har da na tsakar dare. Kowane kofi kuwa 'yar jaka mai zare guda, ƙullin madara guda, ƙullin sukari guda, kowanne an sayo shi shi kaɗai a kan farashin da ya fi kowane tsada. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu iya magana, shi ke tsone maka ido.

Wanda ya buɗe mana ido a kan shayi ba farfesa ba ne. Wani dattijo ne Buzu, mutumin wajen Tawa a Jamhuriyar Nijar, yana gadin wani gida a bayan makaranta, muna gaisawa da shi in za mu masallaci. Kullum 'yar butarsa shuɗiya tana kan gawayi. Wata rana ya ga ɗayanmu da kofi a hannu yana tsoma 'yar jaka yana ɗagawa, sai ya ce, "Ɗana, miƙo in gani." Ya sa farce ya yaga wata sabuwa, ya zazzage a tafin hannunsa, ya hura, sai abin ya tashi kamar toka. Ya ce, "To, ina ganyen?" Sa'an nan ya kwance wani ɗan ƙunshi ya nuna mana nasa, 'yan ƙwayoyi kore-kore a murɗe kamar harsashin bindigar toka. Ya ce mu zauna. Da ya gama dafawa ya tsamo ɗaya daga cikin buta ya baje ta a kan yatsa, sai ga ganye sosai, da jijiyoyinsa da bakinsa mai kama da zarto. Ɗayanmu ya ce, "Baba, ashe da gaske ganye ne?" Dattijo ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Mu kuwa, masu shekara goma sha huɗu a makaranta, muka tashi jikinmu a sanyaye, domin abin da muke sha sau uku a yini ba mu taɓa ganin kamanninsa ba.

Daga nan sai muka koma ɗakin karatu, ga kuma abin da muka tarar. Shayi ganyen wata bishiya ce guda, wadda masana ke kira Camellia sinensis, asalinta ƙasar Sin da maƙwabtanta. Kore da baƙi duk ita ce, aikin ne ya bambanta. Shi kore da an tsinko shi ake gasa shi ko a turara, sai ya riƙe launinsa. Baƙi kuwa murza shi ake yi, a bar iska ta ratsa shi har ya yi duhu. A masana'anta akan tankaɗe ganye daki-daki: cikakke, da karyayye, da ɓarɓashi, da ƙura. Ee, ƙura. Sunan da 'yan kasuwar shayi na duniya ke kiran matakin ƙarshe ke nan a harshen Ingilishi, kuma ba su taɓa ɓoye shi ba. Na ƙasan nan biyu su ake ɗurawa a yawancin jakunkuna masu araha, domin suna sakin launi nan take. Wajen 1930 aka ƙera wani inji a Assam ta ƙasar Indiya wanda ke murƙushe ganye, ya yayyaga shi, ya mulmula shi 'yan ƙwayoyi, shi ya sa aka sami shayi mai saurin rina ruwa da yawan gaske. Ita kuma jakar kanta ana danganta yaɗuwarta da wani ɗan kasuwa na birnin Niyok, Thomas Sullivan, wanda wajen 1908 yake aika wa masu saye samfurin ganye cikin 'yan jakunkunan siliki, su kuwa suka riƙa tsoma su a ruwa yadda suke. Don mai gaggawa aka yi ta, mai kuɗin biyan ladan gaggawarsa. Ina gaggawar da ta kama ɗalibin da zai zauna awa biyu yana hirar ƙwallo bayan ya shanye?

Yanzu ga lissafin da ake yi mana dariya a kansa. 'Yar jaka guda tana ɗauke da kimanin giram 2. Kwali mai jaka 25 ke nan giram 50 ne kacal na shayi, sauran abin da ka biya kuɗin takarda ne, da zare, da ɗan tambarin da ke reto a bakin kofi, da kwali, da leda, da tallan da aka yi maka a rediyo. Ƙunshin ganyen awo mai giram 250 kuwa kofi 125 ne, daidai da kwali biyar. Ba za mu rubuta farashi a nan ba, domin kafin mujallar nan ta fito daga maɗaba'a ya canja. Amma duk mai shakka ya tafi kasuwar Singa in a Kano yake, ko Sabon Gari in a Zariya yake, ya tambayi kuɗin kwali biyar na mai zare, ya tambayi kuɗin ƙunshi guda na ganye, ya dawo ya gaya mana wane ne baƙauye. Daɗin daɗawa, cikakken ganye yana ɗaukar ruwa sau biyu, wani har sau uku, kamar yadda Buzaye ke fid da na farko da na biyu da na uku daga zubi guda, ƙura kuwa da ta saki launinta sau ɗaya ta mutu. Mu dai da muka haɗa kuɗi muka sayi buta da rariya, muka riƙa sayen ganye da ƙunshi, sukari da kwano, madara da babban gwangwani, kuɗin shayinmu ya faɗi ƙasa da rabi a wata na farko, kuma ba mu rage ko kofi ɗaya ba.

Dafa shi ba wani sirri ba ne. Ƙaramin cokali guda ga kowane kofi, a zuba tafasasshen ruwa, a rufe minti 3 zuwa 5, a tace. In an wuce haka ɗaci ke fitowa, ɗaci kuma sukari yake ci, sukari kuwa kuɗi ne. Mai so ya jefa citta da kanumfari, ko na'a-na'a, nan da nan ɗaki ya ɗauki ƙamshin da ba kwalin da zai ba ka shi. A adana ganyen cikin gwangwani mai murfi, nesa da rana, nesa kuma da daddawa da kananzir, domin yana shan warin abin da ke kusa da shi. Wannan mun koye shi ne bayan mun yi asarar rabin ƙunshi. Kuma gaskiya ɗaya ce, ba duk ganyen awo ne na kirki ba. Akwai wanda shi ma ƙura ce aka juye a leda, akwai wanda ya daɗe ya mutu. Sai an murza a hannu, an shinshina. Shayin Buzaye ma, duk da daɗinsa, macin sukari ne na gaske, majalisarsa kuma maciyar lokaci ce, mun ga ɗaliban da suka faɗi jarrabawa a gindin buta. Likitoci kuma sun tabbatar shayi mai ƙarfi in an sha shi tare da abinci yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da jini ke bukata, saboda haka mai jiƙa gari ya kora da baƙin shayi sau uku a yini ba tattali yake yi ba, asibiti yake tara wa kuɗi.

Amma maganarmu ta wuce buta. Abin da 'yar jakar nan ta nuna mana shi ne yadda aka shirya kasuwa ta yadda wanda ya fi kowa talauci shi ya fi kowa biyan tsada. Dubi teburin kowane mai tireda: madara a ƙulle, sukari a ƙulle, garin sabulun wanki a ƙulle, man gyaɗa a ƙulle, tumatir a ƙulle, har man goge baki. Ana ce mana an yi haka ne don tausayin talaka, don mai naira hamsin ma ya ɗanɗana. To, amma a auna giram da giram a gani. Babban ma'aikaci da ke aika direba ya sayo katan, shi ke samun rangwame. Ɗalibi da lebura da bazawara mai 'ya'ya huɗu, masu saye ɗai-ɗai, su ke biyan kuɗin leda sau talatin a wata. Wannan haraji ne, ko da yake ba majalisar da ta zauna ta zartar da shi, kuma ba rasit. Ledojin kuma su ne muke gani sun toshe lambatu da damina. Hanya guda ce ta kuɓuta daga wannan haraji ga wanda ba shi da jari: ya haɗa kai da irinsa su saya da yawa. Ba kuwa mai iya haɗa kuɗi da wani in ba a rubuta wa ya ba da nawa ba. Kun ga inda littafin ya shigo.

Masu cewa rowa ce, muna tambayarsu, a gidan wa suka tashi? Iyayenmu mata, waɗanda da yawansu ba su taɓa shiga aji ba, kowacce ta san mudu nawa ke cikin buhu, ta san kwana nawa tiya za ta kai gidanta, tana zubin adashi ba ta taɓa ruɗewa a kan kwasar wa ta zo ba. Manomi ya san dami nawa ke rumbunsa, ya san wanda za a ci da wanda za a bari iri, kuma ko yunwa ta kai ina ba ya taɓa irin. Fataken da suka yi ta safarar Gwanja ƙirga goro suke yi ƙwarya-ƙwarya, ɗari-ɗari, ba wanda ya ce da madugu marowaci. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. To, daga ina mu 'yan boko muka samo wannan ra'ayi cewa mutumin kirki ba ya ƙirga canji? Daga kwaikwayon waɗanda kuɗinsu ba na guminsu ba ne muka samo shi. Wanda ya kwashi na jama'a shi ke liƙi a gidan biki ba ya dubawa. Mu kuma muka ga haka muka ɗauka shi ne girma. Rowa ita ce kana da shi ka hana mai bukata. Mu kuwa tun da muka fara lissafi ba baƙon da ya shigo ɗakinmu ya fita bai sha shayi ba, kuma masu yi mana ba'ar nan, Allah Ya sani, ran 20 ga wata a ɗakin Baitulmali suke karya kumallo.

Akwai kuma wata suka da ta fi wannan nauyi, daga 'yan'uwanmu masu ra'ayin sauyi, kuma ba za mu raina ta ba. Su cewa suke yi auna ganyen shayi miƙa wuya ne: tsarin ne ya lalace, gwamnati ce ta janye hannunta daga ilmi, mu kuwa maimakon mu tashi tsaye sai muka zauna muna koya wa ɗalibai yadda za su saba da yunwa. Rabin maganarsu gaskiya ce. Ba littafin lissafin da zai mai da naira 666 ta ishi mutum, kuma mun gaji da wa'azin tsuke bakin aljihu daga bakin waɗanda nasu aljihun ba shi da baki. An yi wa iyayenmu wannan wa'azi a 1982 zamanin Shagari, an sake yi musu a 1986 da shirin SAP na Babangida, mu ma aka yi mana a 2023, shekarar da aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya manyan motocin ƙasar waje. Duk mun yarda. Amma 'yan'uwan namu su tuna da Afrilun 1978. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, daga naira ɗaya da kwabo hamsin zuwa naira biyu. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa a ƙarƙashin Segun Okeowo ta tashi, aka yi boren da ake kira "Ali Must Go", da sunan Kanar Ahmadu Ali kwamishinan ilmi na tarayya. An harbe Akintunde Ojo a Legas, an harbe ɗalibai a Zariya, aka rufe jami'o'i, aka haramta ƙungiyar. A kan kwabo 50 fa. Me ya sa? Domin ɗaliban wancan zamani sun san kwabo 50 sau 30 naira 15 ce a wata, sun kuma san buhun gero nawa uba zai sayar kafin ya biya ta. Lissafi ne ya fid da su kan titi. Mu kuwa a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince a ƙara har kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data, sai kowa ya yi tsaki ya sake saye, domin ba wanda ya san nawa yake kashewa a da, balle ya san nawa aka ƙwace masa. Wanda bai san farashi ba, ko an cuce shi ba zai iya faɗin da nawa ba, kuma gwamnati ba ta tsoron mai ihu wanda ba shi da alƙaluma.

Tun da ana maganar tsari, ga wani abin takaici da butar nan ta kai mu gare shi. Shayi ba ƙaramin abu ba ne a tarihin danniya. Don cike giɓin kuɗin shayin da take saye daga Sin Ingila ta riƙa tura wa Sinawa ƙwayar opiyom, har aka gwabza yaƙi daga 1839 zuwa 1842, daga baya kuma ta aika Robert Fortune a 1848 ya kwaso irin bishiyar da sirrin sarrafa ta zuwa Indiya. Kenya, 'yar'uwarmu a Afirka, an fara dasa shayi a cikinta a 1903, ga shi ta zama cikin manyan masu sayar da baƙin shayi ga duniya, ana gwanjonsa a Mombasa. Mu fa? Muna da tsaunin Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, ƙasa mai sanyi da ruwan sama, inda tun shekarun 1970 aka kafa gonar shayi a Kakara, wadda ke fid da shayin Highland. Duk da haka yawancin shayin da muke sha daga waje ake shigo da shi, da dalar da muke kuka ta yi tsada. Ɗalibai nawa ne a cikinmu suka san ana noman shayi a ƙasar nan? Mu ma sai da Buzu ya yaga mana jaka muka fara tambayar daga ina abin yake zuwa.

Ku kuma yayyenmu da kuka riga mu fita, kuke karanta mujallar nan a ofis, kada ku ɗauka maganar yara ce. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, watau 2,333 a yini. Ɗan hidimar ƙasa da aka ɗaga wa alawus zuwa 77,000 yana da 2,566. Cutar da aka kwaso daga ɗakin kwanan ɗalibai ba ta warkewa don an ba mutum tebur da kujera, girma take yi. Wanda ya saba cin bashin mai shayi shi ne zai ci na masu ba da rance ta waya, waɗanda in ka makara suke aika wa surukanka saƙon tozarci. Shi ne zai ɗinka sabuwar shadda don kowane ɗaurin aure, ya karɓi albashi ran 28 ya ƙare ran 5. Ran 6 ga wata kuwa sai ga ɗan kwangila ya shigo da fayil a hannu ɗaya, ambulan a ɗaya hannun. Mukan yi ta zagin manyan ɓarayin gwamnati kamar daga sama suka faɗo. Da yawansu a irin gadajen nan namu suka kwana, kuma ba ranar da suka fara sata suka lalace ba, tun ranar da suka ga kashe abin da ba su da shi ya fi musu sauƙi a kan su ce ba su da shi. Ma'aikacin da bai iya ba da bayanin albashinsa ba, yaya za a danƙa masa kasafin asibiti?

Saboda haka muna da bukata biyu ga Ƙungiyar Ɗalibai, kuma a rubuce za mu gabatar da su a babban taro mai zuwa. Ta farko, a buɗe kantin haɗin kai na ɗalibai, ko da ɗaki guda ne, inda za a sayo ganyen shayi da sukari da madara da gari da wake da sabulu a kan sari, a auna wa ɗalibi da sikeli a kan ribar da ba ta wuce kuɗin mota da ladan mai jira ba, kuma in ana iya samun ganyen Mambila a fara da shi. Jarin ba sai an je nema ba, kuɗin da ake kashewa a daren rawa guda na makon ɗalibai ya isa. Ta biyu, kowane ɗalibi yana biyan kuɗin ƙungiya kowace shekara, kuma ba mu taɓa ganin an manna bayanin shigarsu da fitarsu a allon sanarwa ba. Muna so a manna shi kowane zango, layi-layi, kamar yadda muke yi a littafinmu. In shugabanninmu suka ce ba su san yadda ake yi ba, mai karatun akantan ɗakinmu ya ce zai koya musu kyauta. Muna bukatar sa hannun ɗalibi 200 kafin a saurari ƙudurin. Takardar tana ɗakin Baitulmali, buta kuma tana hawa wuta bayan sallar isha'i. Kowa ya zo da kofinsa, sukari cokali biyu ne.